Ruwan Batir Ya Tafasa Babu Wuta

Yau na ga ruwa yana tafasa babu wuta.

Batirin rediyon maigidana ne ya mutu. Shi kuwa tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, rediyon ne abokin hirarsa. Na ɗauko batirin a ka daga Madakiya har Kafanchan, wurin Malam Bitrus mai caji. Ya maƙala masa wayoyi biyu. Can sai ruwan cikin batirin ya fara tafasa.

Na ce, "Malam, ka dafa mana shi!"

Ya ce, "Taɓa, Mama."

Na taɓa, ko ɗumi babu.

Ya ce, "Caji yake ci. In ruwan ya ragu, ruwan sama kawai za ki ƙara masa."

Da yamma na haɗa shi, murya ta cika ɗakin. Maigida ya tashi zaune da kansa.