Agogon Nama Daga Kano

A shekarun da gyaɗa ke tashe a Magariya, kafin Faransawa su tattara su tafi, ni ne kuku a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Ni mutumin Waca ne, kuma dako ne ya kawo ni Magariya, ɗaukar buhu daga ma'auni zuwa kamiyo, wato babbar motar kaya. A nan na koyi karanta lambobin Nasara, don kullum suna gabana a jikin ma'auni. Wata rana tsohon kukun gidan ya yi fushi ya koma Damagaram, aka tambaya a cikinmu wa ya iya dafa shinkafa ba ta caɓe ba, na ɗaga hannu. Shi ke nan, na ajiye buhu na ɗauki ludayi.

Mushe, haka muke kiran maigidan da guntun Faransancinmu, ba shi da wuyar ciyarwa. Duk abin da na ajiye masa zai ci, idonsa na kan hanya yana jiran kamiyo. Na daɗe ina gasa masa nama irin gashinmu na gida, sai ya nuna ya yi laushi, babu ja ko ɗis a ciki, bai taɓa cewa uffan ba. Sai ya tafi hutu ƙasarsu ya dawo da mata.

Madam 'yar siririya ce mai yawan dariya. Ta tsinci Hausa da wuri, ni kuma ina da guntun Faransancina na bakin ma'auni, da haka muke fahimtar juna. Lahadin farko da zuwanta na gasa cinyar rago a tanderun ƙarfen nan mai cin itace, na soke ta da tafarnuwa, na kawo tebur ina jiran yabo. Ta yanka, ta duba ciki, ta dube ni.

"Kuku, me ragon nan ya yi maka?"

"Ba komai, Madam."

"To don me ka kashe shi sau biyu?"

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta ɗauko wani abu na gilashi, tsawonsa kamar alƙalami, da bakin ƙarfe mai tsini, da jan ruwa a ciki da ke hawa idan ya ji zafi. Ta ce ma'aunin zafin nama ne. In soke shi a inda tsoka ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi don ƙashi yana sa shi ƙarya, kuma da jan ruwan ya kai lamba sittin in fid da naman daga wuta in rufe shi ya huta.

Na yi yadda ta ce. Da aka yanka sai ga ciki jaja-jaja, ruwa na tsattsafowa. Na ce, "Madam, bai nuna ba, bari in mayar." Ta riƙe farantin da hannu biyu kamar zan ƙwace mata ɗa. Mushe kuwa ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har na gane ashe duk zaman da muka yi da shi haƙuri yake yi da ni. Abin ya dame ni har na je na tambayi malamin unguwarmu ko akwai laifi a kaina, ni da nake kai wa mutane jini a faranti. Ya ce jinin da aka hana shi ne wanda ya kwarara wurin yanka, wanda ya rage a tsoka ba kome. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ni dai kada ka kawo mini."

Muna nan lafiya da ɗan gilashin nan har ranar da aka kawo zabbi za a yanka. Wata zabuwa ta kuɓuce daga hannun mai gadi, ta shigo ɗakin girki ta taga, ta bi kan kantar kayan girki tana fuffuka. Ta zubar da gishiri, ta kifar da kwanon ƙwai, ta ture ma'aunin ya faɗo ƙasa ya tarwatse. Ita kuma ta fita ta ƙofa, ba mu sake ganinta ba.

A nan na san abin ya zame mini ido. Hannuna ya san naman da ya nuna irin namu, in na danna da yatsa zan faɗa maka. Amma wannan tsakatsakin da Madam ke so, ba ɗanye ba kuma ba nunanne ba, yatsana bai san shi ba. Yau in fid da shi da wuri har ita kanta ta yamutsa fuska, gobe in wuce gona da iri. Ga shi Mushe ya gayyaci kumandan, Baturen da ke mulkin garin, da likitan gari da matansu cin abinci idan an rufe cinikin gyaɗa. Aikawa Faransa a kawo wani kuwa sai an jira jirgin ruwa, watakila sai damina.

Mushe ne ya ce, "Ga Kano nan kusa. Kantunan Ingilishi ba abin da babu. Kuku ya bi kamiyo gobe."

Haka na hau saman buhunan gyaɗa, muka bi ta Babura, na isa Kano ƙugu na ciwo. Na sauka a Fagge wurin yayana, ɗan wan babana, wanda yake ɗinki a can. Na yi masa bayanin abin da ya kawo ni, ya ajiye almakashi ya yi dariya har da hawaye.

"Wato tun daga ƙasar Faransi ka taso don ka sayo abin da zai gaya maka nama ya nuna? Bakinka fa, me ya same shi?"

"Yaya, ba ni zan ci ba."

Ya sa babbar riga ya raka ni wani kanti inda matan Turawa ke sayayya. Akawun kantin, wani dogo mai tabarau, ya fito mana da iri uku. Ɗaya na gilashi ne irin wanda zabuwa ta fasa, wannan ko kallonsa ban yi ba. Na biyu ƙarfe ne mai kaurin tsinke da babbar fuska kamar agogon bango ƙarami, da allura mai juyawa. Na uku shi ma mai fuskar agogo ne, amma ɗan ƙarami, tsinkensa siriri kamar na tsire.

Akawu ya ce in ɗauki babban, shi aka fi saye. Ni kuwa abin da ke raina daban. Tanderunmu in ka buɗe shi ka tsaya jira, zafi ya gudu, sai ka sake hura wuta, fuskarka kuma ta gasu kafin naman. Ina son wanda zai faɗi maganarsa da sauri in rufe ƙofa. Na ce a bari in gwada. Akawu ya ce a nan ba a gwaji, kuma ina naman da zan gwada da shi?

Yayana ya fita. Jim kaɗan sai ga shi da kofin shayi yana tururi, ya sayo wurin mai shayin bakin titi. Ya ajiye a kan teburin kanti ya ce wa akawu, "Malam, in an gama gwaji shayin naka ne." Akawu ya duba hagu da dama, ba Bature kusa, ya ce mu yi maza.

Muka tsoma su biyu tare. Allurar ƙaramin ta zabura ta haye ta tsaya cak. Ta babban kuwa tana tafiya kamar tsohuwa da tulu, muka yi ta kallonta har yayana ya fara hamma. A ƙarshe ta iso kusa da inda ƙaramin ya tsaya, na ga bakinsu ɗaya, sai dai ɗaya ya riga ɗaya faɗi. Na sa aka kawo wani ƙaramin irinsa muka tsoma, shi ma ya nuna lamba guda. Na ce a naɗe mini. Na lura lambobin da ke fuskarsa sun haura ɗari biyu, alhali na Madam bai kai nan ba, amma na ce a raina ai wannan ya fi wancan karatu ke nan. Akawu ya shanye shayinsa muka yi sallama.

Washegarin dawowata na sayo cinyar rago a kasuwa, na gyara ta, na hura tanderu. Kafin in sa ta a wuta na ce bari in soka sabon ma'aunin in ga daga inda zai fara. Na soka. Allura ta tsaya a wajen tamanin da wani abu. Na zare na goge na sake sokawa, ba ta canza magana ba. Na ɗauki cinyar ɗanya sharaf a kan faranti, da abin a tsaye a jikinta, na sami Madam a baranda.

"Madam, kin ce sittin. Ga shi ya wuce tamanin, kuma ko wuta bai gani ba. In gaskiya abin nan yake faɗa, sai dai ki sa wuƙa."

Ta duba, ta ɗaure fuska, ta ce an sayar mini da lalatacce. Na rantse mata na gwada shi da shayi a gaban shaidu. Ta sa na tafasa ruwa, don ta ce tafasasshen ruwa ɗari ne a ko'ina, in ya nuna ɗari mai gaskiya ne. Muka tsoma. Allura ta wuce ɗari a guje, ta wuce ɗari da hamsin, ba ta tsaya ba sai da ta haura ɗari biyu. Madam ta zauna a kan turmi ta riƙe kai.

Ana haka Mushe ya shigo neman ruwan sha. Ya karɓi abin ya kai kusa da ido, ya ga wani ɗan harafi a ƙasan allurar, sai ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ya ce abin lafiyarsa lau. Ingilishi ne ba sa ƙidaya zafi irin na Faransi, kamar dai yadda awon hanyarsu da awon buhunsu suka sha bamban. Ruwan da ya tafasa a ɗari a Magariya, in ka tsallaka iyaka sai ya haura ɗari biyu, kuma ruwan guda ne. Ya ɗauki gawayi ya yi ta lissafi a bangon ɗakin girkina, ya goge ya sake, har ya ce sittin ɗin Madam ita ce ɗari da arba'in a bakin wannan.

Madam ta shiga ta ɗauko jan farcenta ta ɗiga a kan gilashin fuskar, daidai wurin. Ta ce, "Manta da lamba. In allura ta taɓa ja, fid da shi." Na ce tunda kwalbar a buɗe take, ta ɗiga mini wani can gaba, inda nama ke nuna irin na mutane. Ta harare ni, amma ta ɗiga.

Ranar cin abincin, cinya biyu na gasa. Na buɗe tanderu, na soka, kafin zafi ya daki idona allura ta faɗi abin da za ta faɗa, na zare na rufe. Matar kumandan ta aiko a tambaye ni sirrin, Madam ta ce a gaya mata sirrin yana Kano.

Da Sallar Layya ta zo na roƙi Madam aron abin, na tafi da shi Waca. A garinmu in an yanka raguna ana feɗe su a buɗe su, a tsire kowanne a kan sanduna biyu, a jera su kewaye da babbar wuta guda a ƙofar gida, raguna na unguwa duka. Wuni ake yi ana juyawa, sai washegari a rarraba. Abin da ke ba mutane haushi kowace shekara shi ne cinya. Waje ya yi ja ya yi ƙamshi, can ciki kusa da ƙashi kuwa da saura, kafin gari ya waye ta fara canza wari.

Da la'asar na fito da abin daga aljihu na soka a cinyar ragon babana. Tsoho yana zaune a tabarma yana kallona.

"Kai, me kake yi wa ragona?"

"Baba, tambayarsa nake ko ya nuna."

"To me ya ce?"

"Ya ce gaba ya nuna, baya da saura."

Ya sa aka matsar da ragon kusa da wuta aka karkata cinyoyin. Maƙwabta suka taso suna leƙe. Wani ya ce agogo ne, wani ya ce in agogo ne me ya sa ba ya ƙara. Nan take aka raɗa masa suna agogon nama. Kowa ya ce a duba nasa, na bi raguna ɗaya bayan ɗaya ina soka musu tsinke kamar ma'aikacin allurar shanu, ina cewa wannan a juya, wannan a ja shi baya ya isa haka. Mutum ɗaya ne ya hana, wani dattijo maƙwabcinmu, ya ce ragon ibada ba a soka masa ƙarfen Nasara. Na ce to, Baba, na wuce. Da mutane suka tafi sallar magariba sai na ji an ja hannun rigata. Shi ne. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗana, cinyar hagun nan ce ban yarda da ita ba." Na soka, na ce ya ƙara mata wuta kaɗan.

Washegari da aka fara rabo, kowane gida sai da ya aiko mini da tsoka, har da gidan dattijon. Innata ta rasa inda za ta sa nama, ta kwana biyu tana suya. Na koma Magariya a kan jakin aro da ƙwarya cike, na wanke abin sarai na mayar wa Madam. Ta karɓa ta kai hanci, ta ce yana warin wani abu mai daɗi. Na ce yajin innata ne, na buɗe ƙwarya na miƙa mata soyayyen nama guda, baƙi ƙirin, ya soyu har ya ƙandare. Ta jujjuya shi, ta gatsa, ta daɗe tana tauna, sannan ta miƙo hannu na ƙara mata biyu.