Kwalaben da Baba Isuhu Ya Ceto

Ko na bar aikin nan ba zan manta da wata Litinin ta bazara ba, lokacin ina jami'ar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Sandamu. Ranar za mu yi wa 'yan mata masu shekara tara zuwa sha huɗu allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa. Wata biyu ni da mai unguwa muna lallashin iyaye gida-gida kafin aka ba mu yara arba'in.

A cikin kowace kwalba akwai wani farin sinadari da muke kira mataimaki, shi ke zaburar da jiki ya karɓi rigakafin. Yana son sanyi, amma in ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke daga baya. A wajen horo an ce masana na gwada sababbin mataimaka na polima, wani sinadari dangin roba, da ake sa ran za su fi juriya. Mu dai ba su iso mana ba.

Da safe na tarar da firijinmu a buɗe, babu ko kwalba ɗaya. Sai ga maigadinmu, Baba Isuhu, yana murmushi.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Firijin ya mutu tun Asabar, sai na kwashe su na kai shagon Madam Ngozi mai sayar da ƙanƙara. Can ƙasa na sa ta ajiye, ƙarƙashin ƙanƙara, inda ya fi sanyi."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Raina kuwa ya gama ɓaci.

Da aka ɗauko kwalaben, duk sun daskare. Na bar su suka narke, na girgiza ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce. Mai lafiya takan zauna fara sol. Wannan nan take ta kwanta da gudaji, kamar kindirmon da ya tsinke. Na kira shugaban sashenmu a waya, ya ce, "Kin san dokar. Ware su, ki rubuto rahoto."

Yara na zaune a layi. Da a ce na yi musu allurar, da ba mai ganewa, kariyar ce kawai babu. Na fita na gaya wa iyayen gaskiya. Wani ya miƙe ya ce, "Dama mun ce akwai wani abu a ƙasa." Ya ja 'yarsa suka tafi.

Bayan mako biyu aka kawo sababbin kwalabe. Yara talatin da ɗaya suka dawo. Sauran taran har yau ina da sunayensu, kuma abin na damuna.

A rahoton ban ɗora wa Baba Isuhu laifi ba. Mu masu takardar shaida kwana biyar aka yi ana koya mana zancen daskarewa, har da shayi da tsire. Mutumin da ke riƙe da makullin ɗakin kuwa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi na minti biyar, har da ni.