Idon Yay Dibor

Duk ranar da ake babbar kokawa a Dakar, unguwarmu ta Jokul a Rufisk takan koma kamar an kwashe mutanenta a jirgi. Tun kafin la'asar ake jan ƙofofin shaguna, masu keken doki su kwance dawakansu, masunta su ja kwale-kwale su bar shi a kan yashi. Kowa yana gaban talabijin. Sai ka taka daga tasha har bakin teku ba ka haɗu da kowa ba sai tumaki, muryar mai sharhi tana fitowa ta kowace taga, ka bar ta a wannan gida ka tarar da ita a na gaba.

A shekarar da ɗana Yero ya rasu na fara fita a irin wannan yamma. Ciwon sikila ne ya ɗauke shi yana shekararsa ta biyu a jami'a. Bai taɓa samun jikin da zai kama kowa ba, amma babu ɗan kokawar da bai san tarihinsa ba, kuma shi ne mai fi kowa ihu a gidanmu. Bayan rasuwarsa na kasa zama a gida in ji gangunan. Sai in tafi kan duwatsun da aka jera don tare teku, in zauna har a gama.

A can wata yamma na tarar da Yay Dibor Fay, wadda kowa yake kira Yay, wato uwa, zaune ita kaɗai, ta miƙe ƙafafu, ta juya wa gari baya.

"Bokar bawana," ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "kai ma an kore ka?"

"Ni na kori kaina."

"To zauna. Amma matsa can, kada a gan ka kusa da uwargijiyarka kamar tsaranka."

Ita 'yar ƙabilar Serer ce, ni mutumin Futa, wasa ne tsakaninmu tun kakanni. Na matsa kaɗan na zauna.

An haife ta a tsibiran Salum, aure ya kawo ta Rufisk. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Da teburin burodi da wake da kofi ta raini 'ya'yanta, a kusurwar da ke gaban makarantar firamare, kuma rabin mazan Jokul da burodinta suka girma. Ba gwanar sanin kokawa ba ce. Takan haɗa sunayen 'yan kokawa, ta ba wannan laƙabin wancan, kuma har yau ba ta yarda cewa gwiwa ɗaya a ƙasa ba kaye ba ne. Amma washegarin kowace kokawa, wanda ya zo sayen burodi sai ya tafi da ra'ayinta kyauta.

"Wancan mai jan banten, rawarsa kamar wanda ya taka garwashi."

"Yay, ai shi ya yi kaye."

"Ya yi kaye, amma bai iya rawa ba. Kuma layu sun yi masa yawa, sai ka ce rumfar mai magani ce ta tashi tana tafiya. Nonon da ya zuba a kansa kuwa, da ni ya kawo wa, da yaran makaranta sun sha har su bari."

Tana ganin masu sharhi sun cika surutu. Tana ganin ana ɓata yini guda a kan abin da ba ya kai tafasar ruwan kofi. Duk da haka babu kokawar da take wuce ta, sai ta mutum ɗaya.

Abin ya samo asali ne tun zamanin kawun Gishiri, ɗan kokawarmu na yanzu. Kawun shi ne zakaran unguwa a lokacinsa, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Ranar da Yay Dibor ta fara zuwa filin kokawa a rayuwarta, ranar aka kayar da shi. Karo na gaba ta kalla a talabijin ɗin maƙwabta, aka sake kayar da shi. Na uku ya same ta a tsibiri wajen suna, inda babu ko wutar lantarki, sai ya ɗaga abokin karawarsa ya maka da ƙasa. Wani ya ce da wasa idon Dibor ne. Aka yi dariya, aka maimaita, kafin a ankara maganar ta zama doka. Da Latir, wanda ake wa laƙabi da Gishiri saboda sana'ar mahaifiyarsa, ya taso ya gaji kawunsa, sai ya gaji dokar ma. Duk ranar da zai shiga fili, samari sukan zo mata da safe da ladabi, da ɗan ƙullin sukari da ganyen shayi.

"Yay, yau ranar teku ce."

"Na sani, 'ya'yan banza. Ku ajiye sukarin."

Da la'asar su raka ta har kan duwatsu, su koma da gudu.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta kallon maimaicin da ake sawa washegari. Ta ce kokawar da aka riga aka san ƙarshenta ɗumame ne, ita kuwa ba ta cin ɗumamen abin da aka hana ta da zafinsa.

Haka muka yi 'yan shekaru muna haɗuwa a duk kokawar Gishiri. Ba ma yawan magana. Rana takan sauko ta zauna a kan ruwa, kwale-kwale masu fenti suna jere a bayanmu babu kowa a ciki, tsuntsayen teku suna tafiya a kan yashi kamar su ne masu garin. Daga nesa kiɗan yana zuwa mana a narke, daga ɗaruruwan gidaje lokaci guda, iska ta kawo shi ta kuma ɗauke. Wani lokaci sai in ji kamar daga ƙarƙashin ruwan yake fitowa. Ita kuwa takan lumshe ido tana ba da labarin abin da ba ta gani.

"Yanzu ya shigo. Ji yadda mata suka ɗaga murya. Yanzu yana zagaya fili, yana wannan tafiyar tasa ta ɗan agwagwa."

Idan ya yi kaye, ihun yakan taso daga bayanmu kamar an buɗe ƙofar wani babban ɗaki. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Na yi aikina."

Ba ta taɓa yi mini ta'aziyya da dogon zance ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Yaronka ba ya son yaji a wakensa, amma kullum sai ya ce in sa, don kada abokansa su raina shi." Ban san wannan ba. Na riƙe maganar na kai wa matata Hapsatu.

Da kaina na lura idonta ya fara rauni. Wata safiya ta tsiyaya mini kofi a gefen kofin, a kan tebur, ba ta sani ba. 'Yarta ta kai ta asibiti, aka ce ciwon ya riga ya yi nisa, magani sai dai ya rage masa sauri. Ganin yana tsukewa ne daga gefe, ta ce, kamar mai leƙen duniya ta bakin kwalba.

A kakar kokawar wannan shekarar aka sa ranar karawar Gishiri da wani ƙato daga Pikin da ake kira Tirela, kokawa mafi girma a rayuwarsa. An yi watanni babu wani zance a Rufisk sai shi. Wata safiya, bayan masu saye sun watse, ta ce da ni a hankali tana goge wuƙar burodi:

"Yaron nan na goya shi a bayana lokacin da uwarsa take kasuwa. Na san tabon da ke ƙeyarsa. Amma ban taɓa ganin ya kama mutum ba. Likita bai faɗa ba, ni dai na san baɗi ba zan ga ko teburin nan ba."

Ba ta roƙe ni komai ba. Na koma gida na gaya wa Hapsatu. Talabijin ɗaya ce a gidanmu, tana ɗakin Yero, ɗakin kuma a rufe yake tun ranar da aka tashi daga zaman makoki. Hapsatu ta ce, "Ɗakin yana bukatar iska." Ta ɗauki tsintsiya.

Ranar kokawar, samari suka raka Yay Dibor kan duwatsu kamar kullum. Na bari sai da sawu ya ɗauke, na je na miƙa mata hannu.

"Ina za ka kai ni, mai cin wake?"

"Gidan bawanki."

Ta daɗe tana kallon ruwa. Sannan ta kama hannuna. Muka bi ta lungunan da babu kowa, muka shiga ta ƙofar baya.

Sai da ta ja kujera har gwiwarta ta taɓa teburin talabijin, tana juya kai a hankali don ta bi abin da ke motsi. Ni da Hapsatu muka zauna a bakin gadon Yero. Filin ya cika maƙil. Gishiri ya shigo da mutanensa cikin fararen riguna, ya tsaya gaban makaɗa, ya ɗaga hannu, ya fara taka rawa, jama'arsa suna bin sawunsa kamar igiyar ruwa ɗaya.

"Ashe ya iya," ta ce. "Ashe ƙarya nake yi masa. Dubi kafaɗa. Wa ya koya masa wannan?"

Ta yi ƙorafin kwalaben rubutun da aka juye masa, ta ce za su sa masa mura. Ta ce Tirela yana da fuskar mutumin kirki, kuma wannan bai yi mata daɗi ba. Ta ce alƙalin wasa ya yi ƙanƙanta, idan suka faɗo masa sai dai a kankare shi daga yashi. Hapsatu ta yi dariya a ɗakin nan, abin da ban yi zaton zan sake ji ba.

Aka busa usur. Suka sunkuya suna wasa da hannuwa kamar kyanwoyi biyu. Tirela ya kai naushi, Gishiri ya goce, ya kutsa ya cafki ƙafarsa ya ɗaga. Na ji unguwar gaba ɗaya ta ja numfashi ta cikin bango. Na ɗan lokaci ƙaton nan yana tsaye da ƙafa ɗaya, kamar zai tafi. Sai ya saki nauyinsa duka a kan wuyan Gishiri, suka juya, ƙura ta tashi. Da ta lafa, bayan Gishiri ne a ƙasa.

Jokul ta yi tsit. Har ƙarar teku muna ji daga ɗakin.

"Na gan shi," Yay Dibor ta ce. "Ya ɗaga shi. Kun ga yadda ya ɗaga shi?"

Na ce ta tashi in mayar da ita kan duwatsu kafin mutane su fito, babu wanda zai sani. Ta girgiza kai.

"Buɗe mini ƙofar gaba."

"Yay Dibor, ba za su ji daɗi ba."

"Ka san abin da ya kori kawunsa daga garin nan a kayen ƙarshe da ya sha? Ranar ina kan duwatsu, ba su sami wanda za su ɗora wa ba, sai suka ce ya sayar da kokawar. A Mbur ya mutu, bai sake taka Jokul ba. Buɗe ƙofar, bawana."

Na buɗe. Ta fita ta tsaya a tsakiyar layi daidai lokacin da mutane suka fara fitowa da kawuna a sunkuye. Ta ce da na farkon da ya zo wucewa, ba tare da ɗaga murya ba, "Na kalla. Tun daga shigowarsa har faɗuwarsa, a gidan Bokar." Kafin kiran magariba babu wanda bai ji ba.

Ba a zage ta a fuska ba, shekarunta sun hana. Ni aka tare. "Baba Bokar, da karatunka da komai ka yi mana haka?" Aka daina sayen burodinta. Makonni ni da Hapsatu muna cin wake safe da yamma don kada tukunyarta ta koma gida a cike, ita kuma tana cewa dama can abincin mutanen Futa ne, kada mu yi mata gori. Amma da Gishiri ya dawo unguwa, ba wanda ya yi masa ihu. Jaje aka riƙa yi masa, ana dafa kafaɗarsa ana cewa ai ya riga ya gama da Tirela, abin da ya fi ƙarfinsa ne ya shiga tsakani.

Ina wajen teburin safiyar da ya zo. Ya tsuguna a gabanta, duk girman nan nasa, ya yi ƙasa da murya.

"Yay, ba idonki ba ne. Na ɗaga shi ban san inda zan kai shi ba. Ya fi ni nauyi, shi ke nan."

"Rufe mini baki. Idona ne. Kai har ka isa ka faɗi da kanka?"

"Yay..."

"Karɓi burodi. Kuma ka rage wannan nonon da kake zubarwa."

Ya karɓa ya ci a tsugune. Waɗanda suka gan shi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin kaka ta zagayo ganin ya tafi gaba ɗaya. Da aka sa wa Gishiri sabuwar kokawa, dattawan unguwa suka zauna a ƙarƙashin rumfar masunta suna gardama ko idon da ba ya gani yana iya kayar da mutum. Suka tsaya a kan cewa ba ya iyawa. Samarin da suka saba raka ta bakin teku, su suka riƙo hannunta suka kawo ta gidana, suka cika ɗakin har tsakar gida.

Tun daga nan kujerarta ce ta gaba, tawa tana gefenta. Aikina shi ne in gaya mata abin da ke faruwa, kuma ina ƙoƙarin in faɗa daidai: wa ya shigo, da wane bante, wace ƙafa ya sa gaba. Takan saurara har in gama, kanta a karkace wajen ganguna, sannan ta ce ba haka ba ne.