Husufi a Hanyar Suwes

A shekarata ta uku a Alƙahira muna zaune ne a Abbasiya, a wata shaƙƙa, wato gidan haya, da ke can saman bene, dukkanmu ɗalibai daga gida. Ɗaki ɗaya nake kwana da wani ɗan'uwa mutumin Gombe. Ya girme mu duka, shi ya sa muke ce masa Malam, kuma shi kaɗai ne mai aure a cikinmu. Ya bar matarsa da ciki ya dawo karatu, ta haihu cikin sanyin shekarar, namiji. Ranar suna har walima muka yi masa a falonmu, da shinkafa da kaji, maƙwabtanmu Misrawa suka hau suka taya mu ci. Yaron bai yi arba'in ba ya koma.

Malam bai taɓa ganinsa ba, ko a hoto. Wayar matarsa ba ta ɗaukar hoto, ƙaninta kuma da ya yi alkawarin zai zo da tasa kullum sai ya ce gobe, har abin ya faru.

Ya karɓi gaisuwa kamar yadda ake so mai ilimi ya karɓa. Bai yi kuka a gabanmu ba, bai fasa zuwa darasi ba, jam'i bai taɓa wuce shi ba. Amma ni da nake kwana da shi na san abin da ake ciki. Idan ya kira matarsa ba ya wuce ya ce, "Ya jiki? Ya ƙarin haƙuri? To, sai an jima." Sai ya ajiye wayar ya kwanta ya juya wa bango fuska, alhali rana ba ta ko faɗi ba.

Ana haka sanyi ya fara ja da baya, lokacin da Misrawa ke kira rabi'i ya shigo. A shekarar 2015 ke nan. Aka fara zancen za a yi husufin rana wata Juma'a da hantsi, za a gani sosai a Turai, mu kuma a Masar ɗan gefe kawai za mu samu. Ni a lokacin haukan hoto nake yi. Na sayi wata tsohuwar kyamara a kasuwar Ataba, komai na gani sai na ɗauka. Na dami 'yan'uwa da cewa mu fita wajen gari, don hayaƙin Alƙahira ba zai bar mu mu ga komai ba. Wani ya kawo shawarar mu nemi Baba direba, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke jan ƙaramar bas, wanda yakan kai ɗalibai filin jirgi. Baba ya ce ya san wani kwari a hanyar Suwes, an yi ruwa a can cikin sanyi, yanzu haka ciyawa ta fito.

Da na gaya wa Malam, ya ce mu je kawai, shi zai zauna ya yi muraja'a, wato bitar karatu.

Na ce, "Malam, idan husufin ya kama wa zai ja mu salla? Ka san mu duk a littafi muka san ta."

Ya daɗe yana kallona. Ya san dabara ce, ni ma na san ya sani. Can ya ce, "Khalas, shi ke nan. Allah ya kai mu."

Ana gobe tafiya na je wurin wani mai walda a unguwar Darrasa na karɓi baƙin gilashin da suke kare ido da shi, guda biyu, don an gargaɗe mu kada wanda ya kalli rana da ido tsirara. Da sassafe muka cika motar Baba da gurasa da ful, wato dafaffen wake, da ƙosan Misrawa da suke kira ɗa'amiyya, da jarkar ruwa. 'Yan'uwa suna ta hira da dariya a baya. Malam ya zauna gaba kusa da Baba, carbi a hannu, yana kallon titi. Gidaje suka ƙare, aka shiga fili, ba komai sai tsakuwa da duwatsu masu launin toka.

Baba ya sauka daga kwalta ya bi wata hanya mai gargada, har ya tsaya a bakin kwarin. Da farko na ɗauka ya yi ɓatan kai, don daga mota ban ga komai ba sai yashi. Ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Yalla, ku sauka ku duƙa. Furen sahara ba ya kiran mutum daga nesa."

Muka sauka muka duƙa. Ashe ƙasan kwarin cike yake. Ƙananan furanni ruwan ɗorawa da ba su fi ƙwayar masara ba, wasu farare manne da ƙasa, ga kuma wasu ƙayoyi da suka yi dunƙule-dunƙule, kowanne ya fesa fure shunayya. Akwai wanda ya fito daga tsagar dutse, ganye biyu kacal da fure ɗaya. Iska tana kaɗa su, ƙananan ƙudan zuma suna bi. Hayaniyar da muka zo da ita ta ragu da kanta. Na kwanta rub da ciki ina ɗauka, yashi yana shiga rigata. Baba ya ce kwana kaɗan suke yi, da zafi ya taso shi ke nan, wanda ya zo wata mai zuwa ba zai yarda an taɓa yin fure a nan ba.

Hantsi ya ɗaga sosai sai wanda ke riƙe da gilashi ɗaya ya yi kabbara. Na karɓa na duba. Rana ta zama ƙwallo kore a cikin baƙi, an ɗan gutsure ta a gefe, kamar yadda ɓera ke yi wa gurasa. Iyakarta ke nan. Gari bai yi duhu ba, tsuntsaye ba su yi shiru ba. Da ba mu da gilashin ba za mu san ana yin komai a sama ba. Wani ya ce, "Wannan ne muka baro barci dominsa?" Na ɗora gilashin a bakin kyamara, na yi ta latsawa. Yawancin hotunan sun lalace, biyu ko uku ne suka fito.

Malam shi ne na ƙarshe da ya duba. Ya ɗan jima gilashin yana idonsa, sannan ya miƙo mini ya ce a yi alwala.

Muka yi sahu a kan tsakuwa, Baba a ƙarshen dama, muna lura kada mu taka furannin. Malam ya yi kabbara ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma wurin ya yi tsit har kana jin numfashinsa tsakanin aya da aya. Aka yi ruku'u, aka ɗago, ya sake kama karatu, kamar yadda sallar take. A tsayuwa ta biyu ne muryar ta karye. Ya yi shiru. Muka tsaya a bayansa, ba wanda ya motsa, iska tana wucewa ta tsakaninmu. Ina ganin kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya yi masa gyara, don mun san ba mantuwa ya yi ba. Can ya ja numfashi ya ɗora daga inda ya tsaya, har ya kai mu sallama.

Ya juyo ya fuskance mu, fuskarsa jiƙe, bai share ba. Ya tuna mana abin da duk muka karanta, cewa a zamanin Manzon Allah an yi husufi ranar da ɗansa ƙarami ya rasu, mutane suka ce don rasuwar ne, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko haihuwarsa.

"Na karantar da wannan ba sau ɗaya ba," in ji shi. "Hukuncin kawai nake gani a ciki. Yau ne na tuna cewa wanda ya tsaya yana faɗar maganar, a ranar ya binne ɗansa."

Baba ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa wani abu a hankali da ban ji ba. Daga baya ne na sami labarin cewa Baba ma ya binne 'ya'ya biyu a Sudan kafin ya zo Masar.

Ana tattara kaya don mu samu Juma'a, Malam ya kira ni gefe.

"Ɗan'uwa, ka ɗauke ni hoto. Zan tura wa ƙaninta ya kai mata. Tun da abin ya faru take cewa in turo ta ga yadda na koma, ni kuma ina ƙi."

Ya tsuguna kusa da ƙayar nan mai fure shunayya, ya gyara hula. Na ce ya ɗan yi murmushi. Ya gwada, abin ya ƙi.

Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ɗauka a haka. Ai ta san ni."

Na ɗauka a haka. Ya rame, idanunsa sun yi ja, farar jallabiyarsa ta yi ƙura a gwiwa.

Muka tarar da Juma'a a wani ƙaramin masallaci a bakin titi, kusa da gidan mai, liman yana gab da sauka daga mumbari. Bayan salla muka zauna a inuwar mota muka ci gurasarmu da ful ɗin da ya riga ya huce. Malam ya ci, har ya ƙara.

Da yammacin ranar na juye masa hoton a waya ya tura. Bayan kwana biyu matar ta kira. Ya fita baranda ya ja ƙofa, suka daɗe suna magana, har aka kira la'asar bai shigo ba. Da ya shigo na tambaye shi ko ta gani.

"Ta gani. Ta ce na rame. Ta ce ita ma in na gan ta ba zan gane ta ba." Ya zauna a bakin katifa. "Ashe tana zaton fushi nake da ita. Wai tana ganin kamar na ɗora mata laifi, shi ya sa ba na magana. Ni kuwa ban san me zan ce mata ba ne."

Ana gama jarrabawar ƙarshen shekara ya tafi gida, duk da ba shekarar tafiyarsa ba ce. Baba ne ya kai mu filin jirgi. Mako guda bayan nan Malam ya kira ni, layin yana ta yankewa. Ya ce surukinsa ya raka shi maƙabarta da safe, sun sha nema kafin su gane wurin, don damina ta fara kuma ƙasa ta lotsa.

"Ɗan ƙarami ne ƙwarai," in ji shi. "Na gwada da hannuna, bai wuce kamu ɗaya da kaɗan ba. Na gyara masa ƙasar, na yi masa addu'a."

Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Ya ce amin, sannan ya ce in gaishe da 'yan'uwa, layin ya yanke.