Yadda na kwance aikin Bulus

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ɗana Bulus. Ba da takarda nake ƙirga ba, ban yi boko ba. An haife shi kafin a raba mu da Gongola, ya tafi a daminar da ruwa ya shiga gidajen Abbare har gwiwa. Matarsa Rahila ce ke rubuta wannan, bakin kuwa nawa ne.

Su uku ne suka haɗa abin: Bulus, da Buba mutumin Lau, da Yohanna na Iware. Manhaja ce mai tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, in babu ita injin ƙarfe ne kawai. Masu buga takardu a Jalingo sun yi aiki da ita, amma asirin haɗinta a kulle yake. Bulus yana kwance a asibiti ya ce, “Mama, a buɗe wa kowa, mai so ya gyara.” Na amsa, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Lauya ya ce sai duk mai haƙƙi ya yarda. Buba bai ja ba. “Dada, kawo takardar,” in ji shi. Yohanna kuwa ya riga Bulus tafiya, rabonsa ya koma hannun mahaifinsa. Sau huɗu ina zuwa Iware. Tsohon ya kafe: “Gado ne ko? To a kai ni in ga iyakar gonar kafin in dangwala.” Na ce, “Baba, ba gona ba ce, iri ne. Ka taɓa ganin irin gyaɗa ya shekara goma a rumbu ya tsira?” Sai ya miƙo babban yatsa.

Sai ga wata matsalar. Ashe akwai guntun aiki a ciki da suka aro daga wani kamfanin Turai, kamfanin ya mutu, ba wanda za a roƙa. Lauya ya ce a haƙura. Ni? Na tambayi Buba, in zane yana da zaren wani, yar da zanen ake yi? Ya zare guntun, ya saƙa nasa, damina biyu yana yi.

Da Bulus zai leƙo yau, zai yi dariyar nan tasa ta gefen baki. Ana cewa abin ya tsufa, waya ta wuce shi. Oho. Bara wata malamar makaranta, 'yar ƙabilar Mumuye, ta ɗauka ta ƙara haruffan yarensu, ba ta nemi izinin kowa ba. Da ta zo gaishe ni na yi guɗa har maƙwabta suka fito.

Tsohon Iware ya rasu, lauyan ma haka. Saura Buba a Lau, ido ya fara gajiya, sai Rahila, sai ni da na taka ƙasa na karɓo yatsun.