Minti Goman Yaya Nasiru

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Nasiru a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, amma sai makon jiya na san cewa tafiyar ba ta zama dole ba.

Aikinsa kula da babbar kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Isa, wadda ke ɗauke da wasu ƙananan kwamfutoci na manhaja a cikinta. Daga ɗakinsa a gidanmu na Sabon Birni yake sarrafa ta ta intanet. Ya raba mata hanyar sadarwa biyu, ɗaya ta bayanan marasa lafiya, ɗaya ta shigarsa shi kaɗai, kowace da mahaɗarta da masu aikin ke kira gada. Wanda ya taɓa gadar da yake shiga ta kanta ya yi kuskure, ya kulle kansa a waje, sai ya je da ƙafarsa. Shi ya sa ba ya canza komai sai ya bar wa injin umarni: in bai tabbatar da canjin cikin minti goma ba, injin ya koma tsohon saiti da kansa.

Ran nan da hantsi ya gyara gadar, allo ya tsaya cak. Ya jira, ya sake gwadawa, shiru. Ina gefe da littafina, ni da ba a cika jin muryata ba, na ce, "Yaya, ko ka manta da minti gomanka?"

Ya yi dariya. "Malama, yau kin buɗe baki, kuma a kaina! Za ni dubo. Ce ma Inna ta aje min fura."

'Yan bindiga suka tare motar da ya shiga kafin Isa.

Tun daga nan kowa ya ɗauka mantuwarsa ce ta fitar da shi, har ni. Bana, da yake karatun kwamfuta nake yi, asibitin ya nemi in kwashe bayanansu zuwa sabon inji. Na buɗe kundin da tsohon ke rubuta duk abin da ya faru, na nemo ranar. Sau uku na karanta layin. Minti goma cif bayan gyaran, injin ya koma tsohon saiti, ya zauna yana jiransa. Sabis ɗin intanet ne ya yanke a ɓangarenmu. Tambayata ce ta sa ya yi shakkar kansa.

Da zai ga sabuwar manhajar da ke shirya gadoji da dannawa ɗaya, na san abin da zai fara tambaya: in ta rufe ki a waje fa? Na maida umarninsa a sabon injin, harafi da harafi. Na ƙara layi ɗaya a littafina: a fara duba sabis ɗin gida.

Jiya na samu Inna tana surfen gero. Bayanin gada ba zai amfane ta ba. Na ce, "Inna, Yaya bai manta ba."

Ta dakata da taɓarya. "Ni dama ban taɓa yarda ba," in ji ta. "Allah shi gafarta mai."