Gwangwanin Ƙasa na Malama Milka

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyen nan na bayan Fadan Kagoma cikin shekaru talatin da suka wuce, ko daga barci ka tashe shi ka tambaye shi ƙasa iri nawa ce, da muryar Malama Milka Azariya zai ba ka amsa. Ita ke koyar da kimiyya daga aji huɗu zuwa aji shida. 'Yar Nok ce, aure ne ya kawo ta. Uwarta maginiyar tukwane ce, mace mai ɗanɗana yumɓu da harshe kafin ta yarda ta ɗiba, kuma Milka ta tashi tana bin ta da kwando. Da ta je kwalejin horar da malamai ta ga ana rubuta sunayen ƙasa a allo da Turanci, dariya ta yi, ta ce ashe uwarta farfesa ce ba a faɗa mata ba.

Gajeriya ce, amma muryarta tana kai wa bakin rafi. Littafin manhaja yakan ce a kai yara ɗakin gwaji, ita kuwa makarantarsu ko ƙofa ba kowane aji ke da ita ba. Don haka ta zama mai tsince-tsince. Da fasasshen madubi take kama rana ta jefa ta a bango, ta ce wa yara ga ƙarfin da ke dafa masarar ubanninsu a gona. Da tsohon batir da ƙwan tocila da 'yar waya take nuna musu lantarki, a garin da wutar ke zuwa kamar baƙon Kirsimeti. Sauran malamai suna ce mata Malama Bola a bayan ido. Ta sani sarai, ba ta damu ba, har takan roƙe su kwalaben da suka gama da su.

Darasin da ya fi kowane suna shi ne na ƙasa, cikin watan Yuni. Kowane yaro na aji biyar zai zo da gwangwanin madara cike da ƙasar gonar gidansu. A zuba a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye a taga. Kafin tashi yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa, ruɓaɓɓen ganye yana yawo a sama. Nan yara ke gardamar gonar wa ta fi kyau, wani lokaci har da dambe. Bayan an gama kuwa, ba a zubar da ƙasar a bola, domin a wajen mutanen nan ƙasar da ta ciyar da gida ba shara ba ce, gona take komawa. Sai yaran su yi layi suna waƙa, su juye kwalabensu a 'yar gonar makaranta da ke kan tudu a bayan aji, inda Malama take shuka citta da irin da take ajiyewa da kanta tun farkon zuwanta. Akwai magidanta masu gemu da har yau suke alfahari cewa ƙasar ubansu tana cikin gonar nan.

Citta kuwa ita ce ran ƙasar nan. Ita ke rufa ɗaki da kwano, ita ke kai yaro sakandare, ita ke yin aure da jana'iza. A daminar 2023 cuta ta faɗa mata. Ganye ya yi ɗorawa, kara ya kwanta, in ka tona sai ruwa mai wari ya biyo yatsunka. Mijin Malama, Ezekiyel, ya shiga gonarsa da safe ya fito da rana, ya kwana uku ba ya cin tuwo. Abin da ya fi ciwo ma shi ne iri. Wanda ya rasa amfanin shekara yana iya daurewa, amma wanda ya rasa iri me zai shuka baɗi?

Gonar makaranta kaɗai ta tsira, kore shar, don tana can sama, ruwan gonakin mutane ba ya gangarowa ta kanta, kuma a shekarar an yi darasin ƙasa kafin cutar ta iso. Mutane suka riƙa zuwa kallonta bayan sujada. Wani malamin gona daga Kafanchan ya zo ya duba, ya ce cutar a cikin ƙasa take zama, tana bin takalmi da fartanya da ruwa, kada a bar kowa ya shiga da kayan wata gona. A Disamba aka tone, aka sami buhu huɗu. In an raba wa gari, kowa tafin hannu zai samu. Malama ta tara iyayen yara a ƙarƙashin mangwaro ta roƙe su su ƙara haƙurin shekara ɗaya: a sake shuka buhu huɗun nan duka, baɗi a raba wa duk gidan da ya bar ɗansa a makaranta.

Ta san abin da ya sa ta haɗa iri da makaranta. Ajinta ya fara zubewa. Maza suna tafiya ramukan haƙar ma'adinai, 'yan mata ana tura su aikatau birni. A cikin waɗanda suka rage akwai Mildred, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ke zama a bencin gaba, wadda ta taɓa tambayar ina wuta take tafiya in batir ya mutu. Ubanta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar wa uwarta Jacinta yara huɗu da gonar citta ɗaya, gonar kuma ta ruɓe. Jacinta ta riga ta yi magana da wata mata a Abuja mai neman 'yar aiki. Malama ta bi ta har gida sau uku.

"Maman Mildred, ki ba ni zuwa Disamba kawai," ta ce. "Kwano goma na iri, ke zan fara aunawa."

"Malama, ni ba na ƙi karatu ba ne," in ji Jacinta. "Yara ba ya cin alkawari. Amma tunda ke ne, zan jira."

A watan Afrilu aka shuka, aka rufe da ganye yadda ake yi. Malama ta zama dogarin gona. Ta sa aka kewaye ta da ƙaya. Ta sayi fartanya biyu sababbi da ba sa kwana ko'ina sai ajinta. Ta ajiye baho da ruwan sabulu a bakin shiga, ba wanda ke wucewa sai ya tuɓe takalmi ya wanke ƙafa, har fasto da ya zo yin addu'a sai da ya naɗe wando. Akuyar hedimasta ta taɓa leƙawa, ranar duk unguwa ta ji muryar Malama. Citta ta tsiro kyakkyawa, layi-layi. Mata suna wucewa suna nuna wa junansu, kowace tana lissafin inda za ta shuka nata kason.

Yuni ya zo, darasin ƙasa ya zo. Malama ta ce gobe kowa ya zo da gwangwaninsa, kamar yadda bakinta ya saba faɗa shekara talatin. Yara talatin da takwas suka zo da ƙasar gonakin da suka ruɓe bara. Aka girgiza, aka jera a taga, aka yi gardama. Da aka tashi, ta jera yaran a bakin gona, ta tsaya a kansu kowa ya tuɓe silifa ya wanke ƙafa tas, har ta mayar da biyu baya don ba su cuɗa tsakanin yatsu ba. Sannan suka shiga suna waƙa, suka juye kwalaben nan talatin da takwas a gindin cittar, ita tana tafa musu. Masu magana sun ce sabo turken wawa. Matar da ta hana takalmin fasto shiga ita ce ta buɗe wa cutar ƙofa, kuma ko a jikinta ba ta ji komai ba ran nan. Ta koma gida da farin ciki ta dafa wa Ezekiyel fate.

Bayan mako uku, wata Litinin, ta ga ɗorawa a layin farko da na biyu, daidai inda yara suka tsaya. Ta durƙusa ta tona da hannu. Warin ya bugi hancinta, a lokacin ne kuma waƙar yaran ta dawo mata a kunne. Ta zauna a cikin laka da kayan aikinta, ta ɗora hannu a ka, tana kiran sunan Yesu ba ta san abin da take roƙo ba.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta tumɓuke layukan biyu ta ƙone. Ta haƙa rami tsakaninsu da sauran. Ta bi gida-gida tana kwasar toka tana barbaɗawa. Ta hau mashin zuwa Kafanchan ta sayo maganin feshi da kuɗin da ta tara na tabarau. Amma Yuli ne, ruwa kullum, kuma ruwa bai san rami ba. Duk safiya sai ta tarar ɗorawar ta ci wani layi. A ƙarshe ta zaɓi gindi bakwai daga can ƙarshen gona, ta wanke saiwarsu, ta aro kaskon suyar garin rogo ta soya ƙasa a kan wuta yadda malamin gona ya ce ana kashe cutar, ta dasa su a bokitan fenti. Yaran suna tsaye suna kallo, ita kuwa ko a wannan hali bakinta bai daina bayani ba: zafi yana kashe abin da ido ba ya gani.

A gari wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce nufin Ubangiji ne. Ba wanda ya ce Malama ce, sai ma ta'aziyya da ake zuwa yi mata. Ezekiyel, da ta faɗa masa gaskiya, ya ce ta bar zancen a cikinta, aikin gama ya gama, faɗa ba zai tayar da citta ba. Ta so ta bi shawararsa, don tsoro take ji, tsoron idon matan nan da suka jira ta. Sai dai ta manta cewa ta koyar da yaranta da kyau. Ranar Alhamis tana rubutu a allo, ajin ya yi tsit irin wanda ba ta saba ji ba. Mildred ta ɗaga hannu.

"Malama, kin ce cutar yana zama a cikin ƙasa. Ƙasar babana ne ya kashe cittar?"

Malama ta juyo ta ga idanu talatin da takwas, ta gane kowa da tambayar da yake kwana da ita. Allin ya faɗi daga hannunta.

"Ba ƙasar babanki ba ce," ta ce. "Ba ta uban kowa ba ce. Ku abin da na sa ku kuka yi. Ni na sani, ni na koya muku, ni na manta. Ku je gida ku faɗa haka."

Suka je suka faɗa. Ranar Lahadi a coci wasu matan zumunta suka gaishe ta, wasu suka duƙa suna gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ba ta ga laifinsu ba. Ta zauna a bencin baya tana lissafin da ya ƙi fita: gindi bakwai, in Allah ya raya su, sai sun yi shekara huɗu ko biyar kafin su ishi ko da gida goma. Ita saura shekara uku ta yi ritaya. Mildred kuwa ba ta da shekara huɗu, ko wata huɗu ba ta da shi.

Litinin da safe, ranar fara jarrabawa, bencin gaba ba kowa. Malama tana raba takardu sai ga Jacinta a bakin ƙofa, da littafin kimiyya na makaranta a hannu ɗaya, da wani abu naɗe a gefen zane. Malama ta fito. Ta buɗe baki za ta roƙi mako ɗaya, a bari yarinyar ta rubuta jarrabawa, amma fuskar Jacinta ta nuna mata roƙon ya makara. An riga an sa Mildred a motar farko mai zuwa Abuja.

"Ban zo faɗa ba, Malama," in ji Jacinta. "Kin yi ƙoƙari. Ga littafin ku." Ta kwance gefen zanen ta fito da gwangwanin madara. "Wannan kuma Mildred ya ce in ba ki. Ya tashi da sassafe ya je gonar baban shi ya ɗebo, ya soya a kasko na kamar yadda kin nuna musu. Ya ce babu cuta a ciki yanzu. Ya ce ki sa a cikin bokiti ɗaya."

Malama ta karɓa da hannu biyu. Jacinta ta juya ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba. A cikin aji yara suna jiran a ce su fara, Malama Milka kuwa tana tsaye a baranda ta kasa motsi, don gwangwanin bai gama hucewa ba.